Tara kaya a tsakiya ko shimfiɗa su: wanne dandamalin katako ya fi jurewa?

Katakon da ke zaune kan ƙafafu biyu, tsakiyarsa ce ke shan wahala. In ka jibge buhunan masara duka a tsakiya, rabin abin da zai ɗauka in an baza su daga ƙafa zuwa ƙafa kawai zai iya. Wato dandamalin da ke riƙe buhu 6 a shimfiɗe, buhu 3 ne iyakarsa a tare. In nauyin ɗaya ne, lanƙwasawar ma ta fi da kusan kashi 60 cikin 100 in an tara shi a tsakiya, kuma in ta daɗe haka, katakon ba ya komawa daidai. Daga ƙasa yake fara tsagewa, musamman inda akwai gaɓa.

Shimfiɗawa ce gaba, babu tantama. Buhu mafi nauyi a sa shi daidai kan ƙafa. Sai dai nan ƙusa ke karɓar nauyin: in an buga katakon a gefen ƙafa, ƙusoshi za su zare. A ɗora katakon bisa kan ƙafar.

Tu-bai-fo kuwa, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, a tsayar da shi ta siririn gefensa, kada a kwantar. A tsaye ƙarfinsa ninki biyu ne. In tazarar ƙafafu ta yi yawa, ƙara ɗaya a tsakiya.