Yaron madaba'a da tambarin Najeriya da ya zana mana

Masu ta tambayata a WhatsApp ko su kai wa yaron nan na madaba'ar wajen Shara Mansur da ke Makka aiki, bari in faɗi abin da na gani kowa ya ji. Kun san shagon, kun san kuɗin da yake karɓa, ba sai na maimaita ba. Mu aikin walimar 1 ga Oktoba, ranar 'yancin kan Najeriya, muka kai masa, babbar fosta da za a rataya a istiraha, wato gidan taron da ake haya, da kuma katin gayyata, tambarin Najeriya a gefe ɗaya, na Saudiyya a ɗaya gefen, shi ke nan fa.

Na Saudiyya kam babu abin cewa, takubba biyu a gicciye, bishiyar dabino a samansu, tsaf da shi, don ya san a ƙasar nan ba a wasa da tambarin hukuma. Namu ne aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma abin da ya ƙona min rai ke nan.

Da ya turo hoton ina zaune da wani dattijonmu ne, na miƙa masa wayar, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo sannan ya ce min "ɗana, wannan na wace ƙasa ce?" Wallahi kunya ta kama ni. Mikiyar da ke sama baƙa ya yi ta, alhali ja ce, kuma ta juya kai dama maimakon ta kalli hagun mai kallo. Naɗin da take tsaye a kai, wanda kore ne da fari a murɗe kamar tutarmu, ya mayar da shi ruwan zinare. Dawakin nan biyu farare ne tas, kowa ya sani, shi kuma ya yi musu ruwan ƙasa har da inuwa wai don su fito. Amma wanda ya fi damun Baba, wato dattijon nan, shi ne farin layin da ke tsakiyar baƙar garkuwar, mai siffar Y. Ya ja shi a miƙe sak kamar da rula. Baba ya ɗora yatsa a kan gilashin wayar ya ce ai ruwa ne wannan, kogin Neja ne da Binuwai suka haɗu a Lokoja, shi ya sa ake yin sa a lanƙwashe yana igiya, in ka miƙar da shi ka cire ma'anar gaba ɗaya. Baƙin garkuwar ma ba ado ba ne, ƙasar noma ce mai albarka ake nufi. Furannin da ke cikin ciyawar ƙasa babu su sam, taken kuma rabinsa kawai ya rubuta, haɗin kai da imani, ya bar zaman lafiya da ci gaba, alhali cikakken taken yana nan a sashe na 15 na kundin tsarin mulkin 1999.

Na tashi na tafi shagon rai a ɓace. Na ce masa haba ƙanena, ina ka samo wannan? Gaskiya bai yi min gardama ba, ya ce "Yaya wallahi fasfon babana na duba, kuma a jikin fasfo duk ruwan zinare ne babu launi, sai na sa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira ta cike min sauran." A nan jikina ya ɗan yi sanyi, yaro ne haifaffen Makka, bai taɓa taka Najeriya ba, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga abin da kowane launi yake nufi. Kuma hannunsa yana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. A gabana ya goge ya sake daga farko, ya bi layin kogin a hankali har ya lanƙwasa yadda ya kamata, ya zana shi irin zanen da ko an ja shi ya kai girman bango ba ya fashewa, ya kuma buga min ɗan gwaji a kan ledar fostar don mu ga ko baƙin zai fito baƙi wuluk ko zai yi toka-toka, don abin da ake gani a kwamfuta daban, abin da injin ke fitarwa daban. Bai ƙara min ko riyal ɗaya ba a kan gyaran. Fostar ta fito, mutane har hoto suke ɗauka a gabanta, a ranar da an tambaye ni cewa zan yi ku kai masa ido rufe.

To amma katin fa? Ashe tun kafin ya turo min hoton farko ya riga ya buga katunan duka da wancan gurɓataccen tambarin, bai jira na ce na amince ba, kuma bai faɗa min ba sai da na zo ɗauka na buɗe kwalin na ga baƙar mikiya tana kallona a kowane kati. Na ce a sake, ya ce mai shagon ba zai yarda a yi asarar takarda ba, wai ai ƙarami ne babu wanda zai lura. Wannan maganar ta fi kuskuren ɓata min rai, ni da zan kai wa manyan mutane katin hannu da hannu, cikinsu har da waɗanda suka yi aikin gwamnati a gida shekara da shekaru. Ban raba ko ɗaya ba, ta waya muka yi gayyatar.

Don haka in za ku kai masa, ku tafi da tambarin mai launi a hannunku, kuma ku faɗa wa mai shagon da bakinku cewa kada a buga komai sai kun gani kun yarda. Kuɗin katin har yanzu ba su dawo min da shi ba, kullum sai a ce in dawo bayan Juma'a.