Kwanon wanke hannu na saman kabad: kaya mai kyau, ɗauri na ganganci

Kwanon da na saya a wani shagon kayan banɗaki da ke titin Ahmadu Bello a Kaduna irin na tangaran ne da ake ɗorawa a saman kabad maimakon a kafe shi a bango, kuma a kan kwanon kansa ba ni da abin faɗa sai alheri, domin yana da kauri, yana da zurfin da ruwa ba ya fantsama, wankinsa kuma ba ya ba da wahala. Abin da ya ɓata mini rai shi ne aikin mai haɗa famfon da shagon ya turo mana gida a Unguwar Rimi.

Ya huda saman kabad ɗin, ya ɗora kwanon, ya ɗaure notin magudanar ruwa daga ƙasa, sannan ya zagaye gindin da farin siminti. Da na tambaye shi ko ba zai sa silikon ba, sai ya ce, "Alhaji, nauyinsa kaɗai ya isa ya riƙe shi." Wannan magana ba ta dace da gidan da ake alwala sau biyar a rana ba, inda dattijo kamar mahaifina yake dafa bakin kwanon da duk nauyinsa. Farin siminti ba ya kama fuskar katako mai santsi, saboda haka ba a daɗe ba ya tsage, kwanon ya fara motsi, ruwa kuma ya riƙa bi ta ƙarƙashinsa zuwa bakin hudar da aka bari tsirara. Allon saman na MDF ne, wato garin katako da aka matse ya zama allo, ya sha ruwa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Mafi muni, kwanon ba shi da ƴar ƙofar da ruwa ke bi idan ya cika, amma aka sa masa magudana mai tsaga a gefe wadda aka yi domin kwano mai wannan ƙofa, ta nan ma ruwa yake ɗiga cikin kabad ɗin ba mu sani ba.

Wani magini da na sani ne ya haɗa ni da mai sana'a daga Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu, kuma aikinsa ya burge ni ƙwarai. Ya canja allon da dutsen giranit, ya goge gindin kwanon da wurin zamansa har suka bushe ƙarau, ya zagaya silikon mai hana baƙin fumfuna a ƙasa, irin wanda ba ya warin binega domin kada ya ɓata dutsen, sannan ya danne kwanon a hankali ya share abin da ya fito gefe. Magudanar ya musanya da marar tsaga, ya ɗaure notin da hannu ya ƙara kaɗan da sifana, yana mai cewa ɗaurin ƙarfi ne yake fasa tangaran. Ya kuma hana mu buɗe famfon sai bayan awa 24. Tun daga lokacin ko ɗigo ban gani ba.

Sai dai duk lokacin da na tuna kuɗin da na biya sau biyu, yabon da nake yi wa shagon yakan ragu. Sun sayar mini da kabad mai tsayin da aka yi domin kwanon da ake nutsarwa ciki, don haka da aka ɗora wannan a sama, bakinsa ya yi wa yara nisa, sai da muka ajiye musu kujera ƴar tsugunno. Da na koma da hotunan allon da ya lalace, mai shagon ya ce yaron ba ma'aikacinsa ba ne, taimako kawai ya yi mini da ya turo shi, alhali kuɗin aikin a hannunsa na biya kuma yana rubuce a rasit. Har yau bai mayar mini da ko sisi ba.