Ambrose ko Wavertree: wanne za ka fara shiga?

Ɗan'uwa, ka ce za ka leƙa bakin ruwan Manhattan a New York, awa ɗaya kacal gare ka, kana tambayar wanne ya fi cancanta tsakanin jan jirgin nan, Ambrose, da kuma Wavertree mai dogayen sanduna da ke gefensa. Dukansu biyu suna ɗaure ne a Pier 16, kusa da gadar Brooklyn, a hannun gidan tarihin South Street Seaport, wanda ya same su a 1968. Amma aikinsu ya sha bamban.

Wavertree matafiyi ne. An ƙera shi da baƙin ƙarfe a Southampton ta Ingila a 1885, iska ce ke tura shi, ba inji ba. Aikinsa na farko jigilar jut daga gabashin Indiya zuwa Scotland, wato zaren da ake saƙa buhun algarara da shi, wanda tsironsa ɗan'uwan lalon miyarmu ne. A 1910 guguwa ta karya masa sanduna a kusa da Cape Horn, can ƙarshen Amurka ta Kudu. Daga nan sai ya koma rumbun ajiya a kan ruwa a Punta Arenas ta Chile, daga baya ya zama mai ɗaukar yashi a Buenos Aires, kafin a jawo shi New York a 1970. Idan hoto kake so, shi ne naka, don tsawonsa ya ninka na maƙwabcinsa fiye da biyu.

Shi kuwa Ambrose, aikinsa shi ne kada ya je ko'ina. Jirgin fitila ne: inda gina hasumiya a cikin teku ya yi wuya, sai a kafa jirgi da anga mai kamar kifaffiyar ƙwarya wadda ke nutsewa cikin laka, a ɗora masa fitila a sama. Daga 1908 zuwa 1932 yana tsaye a bakin mashigin Ambrose, hanyar da manyan jirage ke bi su shiga tashar New York. Shi ya sa aka rubuta sunan wurin da manyan haruffa a jikinsa, domin matuƙi ya san inda yake tun daga nesa. A 1921 aka ƙara masa siginar rediyo.

Ka tsaya ka yi tunanin mutanen cikinsa. Idan hadari ya taso, kowane jirgi neman mafaka yake, su kuwa ba su da izinin motsawa, domin a ranar ce aka fi bukatarsu. Idan hazo ya rufe, ƙahon gargaɗi na ta ruri dare da rana, barci sai dai ɓarawo, ga manyan jirage na nufo su kai tsaye saboda su ne alamar hanya. Baƙin da suka ƙetaro daga Turai a waɗannan shekaru suna nufin Ellis Island, tsibirin da ake tantance baƙi a lokacin, da yawansu wannan fitila suka fara gani kafin su hango ƙasa.

Ni dai Ambrose zan ce ka fara da shi, kuma ka ba shi mafi yawan lokacinka. Ka sauka ciki ka ga ƙuncin ɗakunan kwanan. Sauran mintunan sun ishe ka ka taka benen Wavertree ka ɗaga kai ka kalli igiyoyinsa.