Wai gyaran Chrome na dubu 45: mutanen Jos ku yi hattara da wannan ɗan damfarar

Jama'a salamu alaikum. Wallahi tun shekaranjiya nake rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma tunda abin ya taɓa har yayata gara kowa ya ji daga bakina. Dubu 45. Da hannuna na ƙirga dubu 45 na miƙa wa mutum wai zai toshe min ɓarakar tsaro a Chrome, burauzar Google ta shiga intanet, abin da ashe ko kwabo ba a biya.

Kafin wani ya zo ya ce min ai kai ka so, ni ba baƙon kwamfuta ba ne, shekara 9 ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Farin Gada, rabin ɗaliban da ke rubuta furojet a wajen nan sun san ni. Saƙon "ka ci kyauta" da na "turo BVN" duk na sha gani ina dariya. Wannan da ƙafarsa ya shigo, ranar Talata ana yayyafi, da rigarsa a goge da jakar laftof, wai CV zai buga shafi 2. Ya zauna a kwamfutar tsakiya ya buɗe imel ɗinsa, can sai ya ɗago ya ce "Oga, wannan Chrome ɗin naka a buɗe yake fa, ba ka ji labari ba?" Ya juyo min da wayarsa, ga labari nan Google sun ce an samu ɓaraka kuma ɓarayi na amfani da ita.

Wannan juyo da wayar shi ne ya hana ni barci har yau. Don labarin gaskiya ne! Na karɓi wayar na karanta da idona, na kuma duba a tawa na gani. To ku faɗa min, wa zai ga haka ya ce ƙarya ne? Har ya yi min bayanin abin da suke ce wa ziro-de, wato ɓarakar da ɓarayi suka riga kamfani ganowa, kuma nan ma bai yi ƙarya ba. Inda ya yanke ni shi ne da ya ce wai Google sai sun gama da Amurka da Turai kafin gyaran ya iso Najeriya, sai a yi wata 3 ana jira, amma shi yana da lasisi a filash. Dubu 20 kowace kwamfuta. Ni kuma sarkin wayo na tsaya ciniki har ya sauko 15, guda 3 dubu 45, ina ta jin daɗi na rage masa dubu 15. Har shayi na aika aka karɓo masa saboda sanyi. Shayi da burodi!

Yaya ce ta kira ni ranar Juma'a da asuba daga Bukuru muryarta na rawa, "Ƙanina wane asibiti aka kai ka?" Ko Asabar ce ma, kaina ya ɗaure. A'a Juma'a ce, don ranar ban buɗe shago ba sai bayan masallaci. Ashe an shiga Facebook ɗina cikin dare an ce mata mashin ya buge ni, ta tura dubu 100 wani asusu. Kuɗin adashenta ne. Kafin nan kuma, wannan sai daga baya na sani, wani malami da nake buga wa takardun jarrabawa ya riga ya tura dubu 80 kafin alƙalami, ta imel aka rubuta masa da sunana wai na canza asusu. 45 da 100 da 80, dubu 225 kenan. Dubu 225 a kan abin kyauta.

Ɗan Yaya da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Jos shi ya zo ya duba. Ya ce "Kawu, ba gyara ya sa maka ba, abin kwashe faswod ɗin da ka ajiye a burauza ne." Sai ya danna ɗigo ukun nan na sama, Help, About Google Chrome, ya nuna min Chrome da kansa yake sauko da sabon gyara, kai dai naka ka rufe shi ka sake buɗewa. Ya ce tun watan Agusta na 2023 kusan kowane mako Google ke fitar da gyaran tsaro, in kuma ana kai hari da ɓarakar ba sa ma jiran makon. Masu Firefox, wata burauzar daban, a Oktoban 2024 cikin awa 25 suka toshe wata bayan an kai musu rahoto. Awa 25, ni an ce min wata 3. Abin da ya fi ƙona min rai, ya ce da alama kwamfutocina sun riga sun karɓi gyaran tun kafin mutumin ya shigo, tunda kullum sai NEPA ta kashe su a sake kunnawa. Wato NEPA ta gama min aikin kyauta, ni na biya ɓarawo dubu 45 ya ɓata.

Kuma fa na tambayi ɓarawon lamba, ba wai haka kawai na yarda ba, ya ba ni, na kira a gabansa ta yi ƙara a aljihunsa. Yanzu a kashe take. CV ɗin ma da ya ce zai buga bai buga ba, sai yanzu nake tunawa. Na je banki na cika fom, sun ce in kawo rahoton 'yan sanda, kuɗin dai an riga an kwashe. Ina da hoton alat ɗin Yaya da hirar da ya yi da ita da sunana, da daddare zan ɗora in na rufe lambobin mutane.

Kada ku biya kowa kuɗin sabunta burauza, kada ku bari baƙo ya soka muku filash, shi kenan. Duk wanda ya samu saƙo daga gare ni tsakanin Laraba da Juma'a ana neman kuɗi, ba ni ba ne. Masu shaguna a Terminus da titin Bauchi ku sa ido, mutumin dogo ne siriri, yana haɗa Hausa da Turanci. Yaya ta ce in bar maganar dubu 100 ɗin, ni kuwa sai na biya ta ko da zan sayar da firinta ɗaya.