Madubin Hangen Nesa, Takalmi da Rigar Ruwa: Abin da Za a Saya Kafin Shiga Fadamar Kan Tsauni

Fadamun da ke cikin dazuzzukan kan tsaunuka a ƙasashe masu zafi, irin su Kamiranzovu a dajin Nyungwe na Ruwanda da Mubwindi a dajin Bwindi na Yuganda, suna wajen mita 2,000 sama da teku, kuma masu kallon tsuntsaye kan niƙa gari su je su saboda tsuntsayen da ba a samu a wani yanki, kamar ƙaramin tsuntsun ciyawar fadama da aka laƙaba wa sunan Grauer. Abu biyu ne ke mulkin irin wannan wuri, wato duhu da laima. Ganye ya rufe sama, hazo yana sauka ba sallama, ƙasa caɓi ce, kuma zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da mutum ya hau. Duk abin da za a saya, a auna shi da waɗannan biyun kafin a dubi sunan kamfani.

Madubin hangen nesa shi ne inda ya dace kuɗi ya fi tafiya. Lambobi biyu ake rubutawa a jikinsa, misali 8x42: ta farko tana nuna ninkin da yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Masu saye da yawa suna karkata ga 10x42 don suna ganin goma ta fi takwas, kuma a fili ko a bakin tafki suna da hujja. A cikin kurmi lissafin ya sha bamban. Idan aka raba 42 da 8 za a sami milimita 5.25, wanda shi ne faɗin hasken da ke fitowa zuwa ido, alhali 10x42 yana ba da 4.2 kawai, ƙaramin 10x25 na aljihu kuwa 2.5. Ƙwayar ido tana buɗewa a duhu, don haka da asuba, lokacin da tsuntsaye suka fi kai-komo, wannan bambanci yana fitowa sarai. Sannan mai ninki takwas ya fi faɗin gani, yawanci mita 130 zuwa 140 a nisan mita 1,000, yayin da mai ninki goma kan tsaya wajen 110. Tsuntsun da ya leƙo daga cikin ciyawa, ya girgiza jela, ya koma cikin ƙiftawar ido, wanda ya riga kama shi a madubi ne ya gan shi. A ƙara da cewa mutumin da ya hau tudu yana haki hannunsa rawa yake yi, kuma ninki goma yana ƙara girman rawar tare da girman tsuntsun. Ra'ayina shi ne 8x42 ya fi dacewa. Wanda nauyi ke damunsa zai iya ɗaukar 8x32, wanda ya fi sauƙi a wuya, amma ya sani cewa zai rasa ɗan haske da safe da yamma.

Akwai abin da ba a sassauci a kansa, wato madubin ya kasance a rufe ruf, an cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon. Wanda ba haka ba, da zarar an fito da shi daga jaka mai ɗumi zuwa iska mai sanyi, tururi zai kwanta a gilashinsa ta ciki inda tsumma ba ya kaiwa, kuma bayan 'yan watanni fumfuna na iya tsirowa a wurin. Rubutun IPX7 yana nufin an gwada shi a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, kuma wannan ya fi kalmar "yana jure yayyafi" da wasu ke bugawa a kwali. A duba kuma kusancin da yake iya gani tangaran, domin mita biyu ko ƙasa da haka yana da amfani a inda tsuntsu kan sauka gab da hanya. Mai sa tabarau ya nemi wanda tazarar idonsa, wato nisan da ido zai iya yi da gilashin baya kuma ya ga komai, ta kai milimita 16, kuma ya gwada shi da tabaran a fuskarsa.

Zancen takalmi ya fi kawo gardama. Takalmin hawa dutse mai shimfiɗar Gore-Tex (wani yadi mai hana ruwa shiga) a ciki yana riƙe idon sawu da kyau, yana kare targaɗe a gangare, kuma yana hana ruwan da bai wuce bakinsa ba. Matsalarsa ita ce fadama ba ta tsayawa a idon sawu. Idan ƙafa ta zame daga tushiyar ciyawa ta nutse har ƙwauri, ruwan zai shiga ta sama, shimfiɗar da ta hana shi shiga kuma ita ce za ta hana shi fita, ga shi a iskar da ta cika da laima takalmi kan kwana biyu bai bushe ba. Shi ya sa a tsaunukan Ruwenzori da ke kan iyakar Yuganda da Kongo, inda hanya ke ratsa fadamar Bigo, 'yan jagora da 'yan dako dogon takalmin roba suke sawa, baƙi ma shi ake ba su shawara su sa. Ba shi da tsada, ana wanke shi nan take, yana kuma kare ƙafa daga kwarkwasa da matsattsaku. Aibinsa shi ne ba ya tallafar idon sawu, yana tara gumi, kuma idan ya yi sako-sako laka za ta cire shi ko ya ta da bororo a dunduniya. Wanda zai saya ya gwada shi da safa mai kauri, ya tabbata dunduniya ba ta zamewa, ya juya ƙasansa ya ga haƙoran suna da zurfi. Idan hanyar yawancinta tudu ce da katakon da aka shimfiɗa a kan fadama, takalmin hawa dutse ya wadatar. Idan kuwa za a taka caɓin kansa, na roba ya fi, kuma mai hali ya tafi da duka biyun.

Game da rigar ruwa, mai hannu da zif ta fi buɗaɗɗiyar da ake zurawa ta ka, domin ita buɗaɗɗiyar, ko da yake tana rufe jaka tana kuma shan iska, tana maƙalewa a ƙaya, tana kuma ƙara da kowane motsi. Wannan ƙarar ba ƙaramin abu ba ne ga mai son jin kukan tsuntsu, don haka a murza yadin a kusa da kunne kafin a biya, a kuma zaɓi launin ganye ko na ƙasa. A ƙarƙashinta a guji auduga, wadda ke shan ruwa ta manne a jiki ta janye ɗumi, a sa ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, haka ma safa.

Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell, wadda ake sawa a waya don tantance tsuntsaye, kyauta ce, amma sai an sauke kundin yankin tun kafin a shiga daji, inda sabis ba shi da tabbas, kuma sanyi yana saurin cinye batir. Littafin tsuntsaye na takarda ba ya mutuwa, sai dai a sa shi a leda mai rufewa. Jakar roba mai naɗewa a baki ta fi murfin da ake yafa wa jakar baya, kuma idan aka jefa 'yan ƙunshin silika a cikinta za su tsotse danshin madubi da kyamara kafin gari ya waye.