Hillel da Shammai: Ladabi Ko Tsantsar Gaskiya?

Hillel da Shammai malaman Yahudawa ne da suka yi zamani ɗaya a Urushalima kimanin shekara 2,000 da suka wuce, kuma hanyoyinsu na mu'amala da mutane sun bambanta. Littafin Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ruwaito cewa wani mutum wanda ba Bayahude ba ya nemi a koya masa Attaura duka yana tsaye a kan ƙafa ɗaya. Shammai ya kore shi da sandar awon magina da ke hannunsa, amma Hillel ya karɓe shi, ya ce masa abin da ba ya so a yi masa kada ya yi wa ɗan'uwansa, sauran duk sharhi ne, ya je ya koya.

Almajiransu ma sun saɓa a kan yabon amarya. Na Shammai sun ce a siffanta ta yadda take, don gudun ƙarya. Na Hillel kuwa suka ce kowace amarya a kira ta kyakkyawa, tunda haka take a idon angonta. A ganina nan Hillel ya fi fahimtar mutum, ko da yake Shammai ɗin ne ya yi umarnin a tarbi kowa da sakin fuska.