Katunan tutocin duniya: kayan aiki mai kyau da ke gajarta ma'anar launi

Na sayi wani kunshin katunan tutocin ƙasashen duniya domin koyar da ɗalibaina tarihi, kuma bayan na shafe zango guda ina aiki da shi, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani. Kowane kati yana ɗauke da tuta a gaba, a bayansa kuma an rubuta shekarar da aka fara ɗaga ta tare da taƙaitaccen bayani kan launukanta. Takardar tana da kauri, an kuma lulluɓe ta da leda, shi ya sa duk yawan hannayen da suka taɓa katunan, guda ɗaya ne kawai kusurwarsa ta lanƙwashe.

Inda kunshin ya fi burge ni shi ne ɓangaren Afirka. Katin Gana ya bayyana cewa ja da rawaya da koren da Theodosia Okoh ta tsara wa tutar 1957 an aro su ne daga Habasha, ƙasar da ta fatattaki sojojin Italiya a Adwa a 1896, har launukanta suka zama alamar 'yanci ga masu yaƙi da mulkin mallaka. Ranar da na jera katunan Gana da Mali da Gini da Senegal da Kamaru a kan teburi, ɗaliban da kansu suka gano dangantakar tun kafin in buɗe baki. Haka katunan Jodan da Falasɗinu suka danganta baƙi da fari da kore da ja da tutar tawayen da Larabawa suka yi wa mulkin Turkawa a 1916.

Matsalata tana ga ɗan littafin da ya zo tare da katunan, wanda ya ba kowane launi ma'ana guda tilo, wai ja jini ne da sadaukarwa, kore kuma albarkar ƙasa. Wannan gajartawa tana ɓatar da mai koyo, domin launi a siyasa tarihin mutanen da suka ɗauke shi yake bi. Jan da ya zama tambarin 'yan gurguzu da jam'iyyar Leba ta Birtaniya, shi ne dai launin 'yan Rifabulikan masu ra'ayin mazan jiya a Amurka, al'adar da ta kafu sosai daga taswirorin talabijin na zaɓen shugaban ƙasa na 2000, inda aka nuna jihohin da suka ci da launin ja. Kore a tutar Saudiyya yana nuni ga Musulunci, a tutar Ailan yana wakiltar Katolika, a Jamus kuwa sunan jam'iyyar masu kare muhalli ne. Littafin bai ce uffan a kan wannan ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai, saboda nan ne darasin yake.

Akwai kuma sakaci wajen bugu. Tutocin Cadi da Romaniya sun bambanta ne kawai a duhun shuɗinsu, na Cadi ya fi duhu, amma a katunan an buga su iri ɗaya sak. Wata ɗaliba ta ɗaga su biyun ta fuskanci taga tana neman bambancin, ba ta same shi ba sai da ta juya bayansu.

Zan ci gaba da amfani da katunan, kuma ina shawartar malamai su saya. Littafin kam na ajiye shi a aljihun teburi, bayanin launukan ni nake yi wa ɗaliban da bakina.